Zuwa arewacin Norway a jirgin ruwan haya: ko ɗalibi zai iya?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne a Trondheim, wannan ce shekarata ta farko a Norway. Ina so in yi amfani da hutun Disamba in ga arewacin ƙasar har iyakar Rasha, don an ce akwai jirgin ruwa da ke bin gaɓar teku kullum. Da na duba farashi sai na ga kamar na masu hannu da shuni ne. Shin ɗalibi irina zai iya shiga? Ban taɓa hawa jirgin ruwa ba, kuma gaskiya ina jin tsoro, labarin kifewar kwale-kwale a gida bai bar kunnena ba. Sannan yaya zan yi da salla a inda rana ba ta fitowa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Abu huɗu ka tambaya: ko jirgin na kowa ne, ko aljihunka zai ɗauka, ko akwai haɗari, da yadda za ka tsare ibadarka. Za ka iya, amma ba ta hanyar da ka gani a shafin farko na kamfanin ba. Kuma da ni zan zaɓa maka lokaci, ba Disamba zan zaɓa ba. Na daɗe ina zaune a Tromsø, jirgin nan nake bi idan aiki ya kai ni garuruwan Finnmark, yankin da ke can ƙarshen arewacin ƙasar, kuma ɗalibai 'yan gida da dama sun biyo ta hannuna kan wannan tafiya. Bari in bi maka ita daki-daki.

Jirgin mutanen gaɓa ne tun asali

Farashin da ya ba ka tsoro na cikakkiyar tafiya ce, daga Bergen zuwa Kirkenes, garin da ke kusa da iyakar Rasha, a dawo, kwana 11 a kan ruwa, da ɗakin kwana da abinci sau uku. Wannan shi ake tallatawa baƙi daga Jamus da Ingila. Amma ba don su aka kafa layin ba. A shekarar 1893 wani matuƙi mai suna Richard With ya fara jigila da jirgin Vesteraalen tsakanin Trondheim da Hammerfest bisa yarjejeniya da gwamnati, saboda a wancan zamani wasiƙa takan shafe makonni kafin ta isa arewa, da hunturu kuma watanni. Abin da ya bambanta shi da waɗanda suka riga shi shi ne ya yarda ya yi tafiya cikin dare da cikin duhun hunturu, a gaɓar da ke cike da tsibirai da duwatsun da ruwa ya rufe. Daga baya aka tsawaita layin zuwa Bergen a kudu da Kirkenes a arewa.

Yau jirage 11 ne ke wannan zagaye, bakwai na kamfanin Hurtigruten, huɗu na Havila, wanda ya shigo a 2021. Gwamnati ce ke biyan su don su tsaya a tashoshi 34, su ɗauki fasinja da kaya rani da damina. To ka ga nan haƙƙinka yake. Tunda gwamnati na biya don mutanen gaɓa, dole ne a sayar da tikiti daga tasha zuwa tasha ga duk wanda ya nema. A shafin kowane kamfani akwai sashen wannan irin tikiti daban, sai dai ba shi suke sa wa a gaba ba, sai ka lalubo. Ka ɗauke shi kamar motar kasuwa da ke tsayawa kowane ƙauye: wani ya shiga a nan ya sauka a gari na gaba, wani ya aika buhu, wani kuma sai ƙarshen layi.

Me ya sa har yanzu ake buƙatarsa a ƙasa mai arzikin Norway? Dubi taswira. Layin dogon da ya tashi daga garinku ya ƙare a Bodø. Daga nan zuwa Kirkenes babu jirgin ƙasa da ke bin ƙasar, sai hanyar mota da ke hawa tsaunuka, wadda dusar ƙanƙara ke rufewa, wani lokaci sai motoci sun jeru a bayan motar share hanya kafin a bari su wuce. Teku kuwa ba ta daskarewa a wannan gaɓa, saboda ruwan ɗumi da ke gangarowa daga Tekun Atlantika yana bin ta har gabashin Finnmark. Shi ya sa garuruwa irin su Mehamn da Berlevåg da Båtsfjord suke kallon ruwa, ba tudu ba.

Da za ka tsaya a saman jirgi lokacin da ya shiga ɗaya daga cikin ƙananan tashoshin nan da dare, da ka gane abin da nake nufi. Kafin a gama ɗaure igiya an buɗe babbar ƙofar da ke gefen jirgin, ƙaramar motar ɗaga kaya ta fara shiga da fita da gudu. Ana sauke madara da kayan miya da tayoyin mota, ana loda akwatunan kifi. Mutum uku ko huɗu su sauka, wata mata ta turo keken jariri ta hau, wani ya miƙa ƙunshi ya juya ya koma motarsa. Minti goma zuwa goma sha biyar an gama, an janye matakala. Na sha ganin baƙi sun sauka ɗaukar hoto sun yi nisa, sai ga su suna gudu a kan ƙanƙara mai santsi. Jirgin ba ya jiran kowa, wannan ka riƙe shi da kyau.

Yadda za ka rage kuɗi

Kada ka sayi tafiyar gaba ɗaya, ka yanka ta. Ka hau jirgin ƙasa daga Trondheim zuwa Bodø, kimanin awa 10 ne, kuma idan ka sayi tikiti da wuri yana da sauƙi ƙwarai. Jirgin ruwan da ya nufi arewa yana barin Bodø wajen ƙarfe uku na rana, ya tsallaka zuwa tsibiran Lofoten da daddare, ya isa Tromsø washegari bayan ƙarfe biyu. Daga Tromsø ya tashi wajen ƙarfe shida na yamma, ya kwana biyu a hanya, ya shiga Kirkenes da safe. A ganina wannan sashe na biyu shi ne zuciyar tafiyar, don a nan ne jirgin ke zama abin dogaron mutane na gaskiya, bishiyoyi su ƙare, sai tsirarun duwatsu da ƙananan garuruwa da ke manne a bakin ruwa.

Tafiyar da ba ta kai kwana ɗaya cur ba ana yarda ka yi ta ba tare da kama ɗaki ba. Ka ajiye jakarka a ɗakin kaya, ka nemi kujera a zauren zama ka miƙe. Mutanen yankin haka suke yi, ba abin kunya ba ne. Idan ta wuce haka sai an kama ɗaki, kuma a nan kuɗin ke tashi. Ɗakin da ba shi da taga ya fi araha, da hunturu kuwa tagar ba ta da wani amfani, duhu za ka gani. Ka duba kamfanonin biyu duka, don ranar da ka zaɓa ita ke nuna jirgin wa zai zo, farashinsu kuma ba ɗaya ba ne. Ka tambayi rangwamen ɗalibai kafin ka biya, ka riƙe katin makarantarka a kusa. Ba zan rubuta maka adadin kuɗi ba, saboda yana hawa da sauka gwargwadon lokaci da cikar jirgi, abin da ka gani a shafinsu ranar da za ka saya shi ne gaskiya.

Abinci shi ne rami na biyu da kuɗi ke zurarewa. Tikitin tasha zuwa tasha yawanci ba ya haɗa da abinci, ɗakin cin abincin jirgi kuma tsada gare shi. Ka shiga kantin Rema ko Kiwi ko Coop kafin ka hau, ka sayi burodi da cuku da kifin gwangwani da dabino da 'ya'yan itace, ka zo da filas. Ruwan famfo mai kyau ne, ba sai ka sayi na gora ba. Idan za ka ci nasu, kifi ya wadata kuma shi ne mafi kwanciyar hankali. A kayan da aka sarrafa ka duba kalmar svin, alade ke nan, yakan ɓuya a cikin tsiren gwangwani da miya da naman da ake sa wa a burodi. Ma'aikatan ba sa jin haushin tambaya, sun saba da masu cewa ba sa cin kaza ba sa cin kaza.

Akwai kuma wata dabara da baƙi ba su cika sani ba. Tashoshin da jirgi ya wuce da dare yana tafiya arewa, da rana yake wuce su idan ya juyo kudu. Mai zuwa arewa yana ratsa tsibiran Lofoten da Vesterålen cikin dare, mai dawowa kuwa yana bin su da rana, ya tsaya kusan awa ɗaya a Stokmarknes inda gidan tarihin layin yake, da tsohon jirgin Finnmarken na 1956 a ajiye a cikin gini, sannan ya kutsa ta siririn mashigin Raftsundet. Haka Vardø: mai zuwa arewa yana isa can tsakar dare, mai dawowa yana isa da la'asar. Saboda haka kafin ka yanke wane sashe za ka saya, ka zauna da jadawalin ka ga ƙarfe nawa za a wuce wurin da kake son gani. Ba jirgin nan kaɗai ba ne kuma. Daga Bodø akwai jirgin fito mai ɗaukar motoci zuwa Moskenes a kudancin Lofoten, awa uku zuwa huɗu, wanda mai tafiya a ƙafa ba ya biyan komai. Manhajar Entur za ta haɗa maka jirgin ƙasa da bas da ƙananan jiragen ruwa a wuri guda.

Maganar tsoro

Tsoronka yana da dalili, ba zan raina shi ba. Abin da ke cin rayuka a kogunanmu sananne ne: lodin da ya wuce kima, tsohon jirgin katako, tafiyar dare ba fitila, ba rigar ceto. Waɗannan jirage na ƙarfe ne, tsawonsu ya wuce mita 100, ana ƙirga duk wanda ya hau da wanda ya sauka da kati, akwai kwale-kwalen ceto da riguna na kowa, kuma ana yi wa fasinja bayanin abin da zai yi idan an buga ƙararrawa. Ka saurari bayanin nan da kunne biyu, ka je da ƙafarka ka ga wurin taruwar da aka rubuta maka.

Duk da haka teku teku ce. Yawancin hanyar tana bi ne ta bayan tsibirai inda ruwa ke kwance, amma akwai wuraren da jirgi ke fita fili, babu abin da ya kare shi daga igiyar ruwa. Tsakanin Trondheim da Rørvik akwai Folda. Tsakanin Bodø da Lofoten akwai Vestfjorden, kimanin awa huɗu. Bayan Skjervøy akwai Lopphavet. Daga Honningsvåg zuwa Vardø kuwa kusan duk hanyar a buɗe take ga Tekun Barents. Kudu da garinku akwai Hustadvika, inda injinan wani babban jirgin yawon buɗe ido, Viking Sky, suka mutu cikin guguwa a watan Maris na 2019, sai da aka kwashe ɗaruruwan mutane da jirage masu saukar ungulu. Ba na wannan layi ba ne, na kawo shi ne don ka san dalilin da ya sa matuƙan nan ba sa wasa da iska. Idan ta yi ƙarfi sukan tsallake tasha, ko su laɓe a wani lungu su jira, ko su juya kafin su kai Kirkenes. Da hunturu wannan ba baƙon abu ba ne a Finnmark. Berlevåg ma har shekarun 1970 jirgi ba ya iya matsowa bakin gaɓa, da ƙaramin kwale-kwale ake kai masa fasinja, sai da aka gina katangar kare igiyar ruwa da manyan tubalan siminti bayan teku ta rushe na baya.

Abin da zai fi damunka shi ne jiri da tashin zuciya, ba nutsewa ba. Ka je kantin magani ka faɗa musu tafiyar da za ka yi, su ba ka ƙwayar da ta dace da kai, musamman idan kana shan wani magani, don ni ba likita ba ne. A sha ta kamar awa ɗaya kafin a fita fili, idan amai ya riga ya fara ba ta da amfani. Ka zauna a tsakiyar jirgi a bene na ƙasa, can ne girgiza ta fi sauƙi. Kada ka ci maiƙo, kada kuma ka bar cikinka wayam. Ka ajiye waya. Ni abin da ya fi yi mini shi ne in kwanta rigingine in rufe ido tun kafin jirgi ya fara rawa. Ma'aikata sukan sanar da lasifika idan za a shiga wuri mai tsanani, kuma manhajar Yr tana nuna ƙarfin iska na kwanaki masu zuwa.

Disamba ko wani lokaci?

A Tromsø rana tana ɓacewa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Ba baƙin duhu ba ne dare da rana, da tsakar rana akan samu awa biyu zuwa uku na wani shuɗin haske kamar na bayan magariba, wanda dusar ƙanƙara ke ƙara wa kyau. Idan sama ta washe za ka iya ganin koren hasken nan da ke rawa a sararin arewa, kuma tsakiyar teku, nesa da fitilun gari, wuri ne mai kyau na ganinsa. Amma babu mai yi maka alƙawari, gajimare na iya rufe sama mako guda. Sauran sa'o'in kuwa duwatsun da ka biya kuɗi don gani suna wucewa a cikin duhu.

Shi ya sa nake cewa idan za ka iya haƙuri, ka bari sai ƙarshen Fabrairu ko Maris, ko hutun Ista. Rana ta dawo, ƙanƙara tana nan, dare kuma yana da duhun da zai nuna hasken sama har ƙarshen Maris. Lokacin ne ma kakar kamun kifi a Lofoten, za ka ga dubban kifaye an rataye su bibbiyu a kan manyan rumfunan katako suna bushewa a iska, warinsu ya cika gari. Busasshen kifin nan da kawunansa da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya, wanda Ibo ke kira okporoko, akasarinsa daga wannan gaɓa yake fitowa. Da bazara kuma, daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli, rana ba ta faɗuwa a Tromsø, teku ta fi kwanciya, amma jirgi a cike yake kuma farashi ya kai ƙololuwa.

Idan Disamban ce kaɗai damarka, je ka, amma ka shirya wa sanyi. A bakin gaɓar Lofoten da Tromsø ma'aunin bai cika yin ƙasa sosai ba, iska ce ke yanka. Kirkenes daban ce, tana can cikin lungu, sanyinta kan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri. Ka sa ulu a jikin fata, ka ɗora rigar sanyi, ka rufe da wadda iska ba ta ratsawa, da hula mai rufe kunne da safar hannu. Ka sayi robobin nan masu ƙusoshi da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, ba su da tsada, don santsin tashoshi ya karya mutane da yawa.

Salla

Nan ne wayarka za ta ruɗe ka. Manhajojin lokutan salla suna lissafi ne da fitowar rana da faɗuwarta, to idan babu su sai su ba ka lokutan da ba su da kan gado, ko su bar gurbin babu komai. Ni ba malami ba ne, abin da na gani ana yi zan faɗa maka. Malamai sun kafa hujja da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambayi yadda za su yi salla a ranar da tsawonta ya kai shekara, Annabi (SAW) ya umarce su da su ƙaddara lokutan. Daga nan fahimta ta rabu biyu: wasu suka ce a bi gari mafi kusa da dare da rana ke rarrabuwa, wasu suka ce a bi lokacin Makka. Jama'ar masallacin Alnor da ke Tromsø suna komawa lokacin Makka ne a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa. Shawarata ka tambayi limaminku a Trondheim tun kafin ka tashi, ka ɗauki jadawali guda ka riƙe shi har ka dawo, kada ka riƙa tsalle tsakanin wannan da wancan. Jirgin da ke zuwa arewa yana tsayawa kusan awa huɗu a Tromsø kuma tashar a tsakiyar gari take, za ka iya taka ƙafa zuwa masallacin ka yi salla cikin jama'a ka dawo.

Kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli. Alƙibla daga can tana kudu ne da ɗan karkata gabas, sai dai jirgi yana yawan juyawa, ƙarfen jikinsa kuma yana rikita kamfas ɗin waya. Akwai allon da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da shi nake gyara fuskata. Mafi sauƙi ka daidaita sallarka da lokacin da aka tsaya a tasha, jirgi ba ya motsi, ka samu natsuwa. Idan ba ka da ɗaki, ka nemi lungu a zauren da ba kowa, ko ka tambayi ma'aikatan wurin karɓar baƙi, ban taɓa ganin sun hana ba. Idan ruwa ya yi tsanani har tsayuwa ta gagara, ka zauna.

Da ni ne kai, ga yadda zan tsara. Jirgin ƙasa zuwa Bodø, jirgin ruwa ba ɗaki zuwa Tromsø, in kwana ɗaya ko biyu in huta in ga gari, sannan in kama ɗaki mara taga zuwa Kirkenes. A wannan sashe za a tsaya fiye da awa uku a Honningsvåg, inda bas ke kai mutane Nordkapp, tsaunin bakin teku da ake ɗauka ƙarshen arewacin Turai, idan hanya a buɗe take. Wajen ƙarfe goma na dare, kusa da Berlevåg, ka fito waje ko da sanyi ya kai yaya, don a nan jirgin arewa da na kudu ke gamuwa, su gaisa da oda da fitilu, fasinjoji suna ɗaga wa juna hannu. Za ka lura gidajen Finnmark kusan duk sababbin gini ne masu kama da juna. Sojojin Jamus ne suka ƙone yankin ƙurmus lokacin da suke ja da baya a ƙarshen 1944, aka kwashe mutane da ƙarfi, a Hammerfest ɗan ɗakin ibadar maƙabarta kaɗai ya tsira.

A Kirkenes iyakar Rasha ba ta da nisa, amma kada ka kusance ta kai kaɗai, kada ka taka layin ko da wasa, hukuncinsa mai tsanani ne, kuma kai baƙo ne mai zama da takarda. Ka riƙe fasfo da katin izinin zamanka a jikinka. Dawowa ka yi ta jirgin sama, amma kada ka sayi tikitin ranar da jirgin ruwa zai iso, ka bar kwana ɗaya a tsakani saboda iska. Idan kuma tafiyar ta faɗa cikin Kirsimeti, ka sayi guzurinka tun 23 ga wata, don daga yammacin 24 har 26 kusan duk kantuna a rufe suke, haka ma kowace Lahadi.